Sikanar da Ta Ƙi Ajamin Baba

Zongo, Lome
Ranar Lahadi

Zuwa ga mahaifina, Malam Abdulkuddus,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, ina fatan takardar nan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Yaya jikin Baffa Salahu? Allah ya ba shi sauƙi, ya ba ku ladan jinyar ɗan'uwa. Yaya gwiwarku da tudun Sokode? Mma tana gaishe ku, ta ce kada ku manta da maganin hawan jini don kuna kula da na wani.

Na so in kira ku a waya, amma na san halin kunnen nan naku. Zan yi ta ɗaga murya, maƙwabta su ji abin da ku ba ku ji ba. Shi ya sa na rubuta, zan ba direban motar Sokode.

Baba, an dakatar da ni daga aiki. Ina so ku fara ji daga bakina.

Kun san manhajar da muke ginawa, wadda za ta riƙa tura wa mata saƙo a waya: ranar awo, ranar rigakafin yara, yadda za a sha magani. Ku da kanku kuka zauna a zaure kuka rubuta saƙonnin da ajami, saboda matan da ba su yi lakwal ba, wato boko, amma sun yi allo. Ƙungiyar Turawan da ta ba kamfaninmu aikin tana da doka, cewa kafin a saki manhaja sai an bi da kod ɗinta, wato rubutun umarnin da muke yi wa kwamfuta, ta cikin wata manhajar bincike. Sikana muke ce mata. Aikinta ta karanta kod layi bayan layi, duk inda ta ga kafar da ɓarawo zai iya shiga ta sa jan tambari. Abu ne mai amfani, ban taɓa ƙin ta ba.

Ranar Talata sakamako ya fito, ja tun daga sama har ƙasa. Gargaɗi dubbai, kuma kusan duka a kan fayilolin da suke ɗauke da sunana.

Dalilin bai fi ƙarfin fahimtar kowa ba. Ajami daga dama yake tafiya, kod kuwa daga hagu. In saƙo ya haɗa ajami da kwanan wata da sunan asibiti na boko, sai an sa wasu alamomi da ido ba ya gani, su gaya wa waya inda za ta juya. Ba don su ba, mace sai ta karanta ranar awonta a birkice. To, akwai miyagu a duniya da suke amfani da irin alamomin nan su ɓoye mugun umarni a cikin kod. Wanda ya gina sikana ya san da miyagun, bai san da mu ba. Duk inda ta ga rubutunku sai ta ce an ɓoye sharri. Ba ta bar Hausar boko ba ma: ƙ da ɗ da ɓ namu masu ƙugiya, ta ce haruffan bogi ne da suka yi shigar k da d da b don su yaudari mai karatu.

Patron ɗinmu, mai kamfanin, Musye Agbeko, ya kira ni ofishinsa. Bai ce in zauna ba. Ya juyo mini da kwamfutarsa ya ce, “Mahfuza, me kika ɓoye mana a ciki?” Na fara bayani, ya ɗaga mini hannu. Ya ce rahoton ya rubuta “mugun nufi”, kuma shi ba zai yi musu da rahoton Turawa ba. Na ce ya buɗe layi ɗaya kawai, ko wanne ya ga dama, in karanta masa. Bai buɗe ba. Aka karɓe kwamfutar aikina, aka rufe mini hanyar shiga, aka sa mai gadi ya raka ni bakin ƙofa. Mutumin da nake gaisarwa kullum da safe ya kasa ɗaga ido ya dube ni.

Tun daga ofis a Be-Kpota har gida ina bayan zemijan, babur ɗin haya, hawaye na zuba, kuma wallahi ba na tsoro ba ne. Na'ura ce ta yi kuskure, wannan ba komai. Abin da ya ƙona mini rai shi ne mutanen da muka ci abinci a kwano ɗaya, babu wanda ya ce bari mu duba. Layin farko da sikana ta kira sharri, kun san mene ne? “Allah ya raba lafiya, gobe ranar awonki ce.”

Ku sa ni a addu'a. Ku gaishe da Baffa da mutanen gidan baki ɗaya.

'Yarku,
Mahfuza


Zongo, Lome
Ranar Asabar

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku da kyau, da fatan kun tashi lafiya. Na ji daɗin labarin cewa Baffa ya fara zama da kansa, Allah ya ƙara sauƙi. Amsarku ta iso, na karanta ta, na karanta wa Mma. Kun ce in yi haƙuri, gaskiya za ta bayyana. Na karɓa, Baba. Amma bari in gaya muku abin da ya bayyana kafin gaskiyar.

Munir ɗan gidan Alhaji Musaddiq, wanda muke aiki tare, wanda ku kuka koya masa baƙi da wasali, shi ya kawo maganar Zongo. A wurin mai shayin bakin masallaci ya zauna ya ce an kama ni na dasa wani abu a manhaja don in kwashi sirrin mata in sayar. Kafin kwana biyu magana ta kai kasuwar Asigame. Hajiya Bilkis ta bar rumfarta ta zo ta Mma, wai ta zo jaje, ta zauna a kan bandir ɗin atamfa tana faɗi da ƙarfi cewa yaran yanzu ba a san abin da suke yi a kwamfuta ba. Mma ta ci gaba da jera kayanta. Ta dawo gida ta kasa cin tuwo.

Abin da ya fi mini ciwo shi ne matan gwaji. Ni na bi gida gida na roƙe su su ba da sunansu da lambarsu, don a fara gwada manhajar da su. Sun yarda ne don ni 'yar Malam ce. Jiya Nuriyya matar mai gyaran keke ta zo da cikinta ya tsufa, ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙi shigowa, ta ce mijinta ya ce a cire sunanta. Ta ce, “Ni ban ce kin yi ba, Mahfuza, amma ki cire ni.” Na ce mata ko na so ba ni da hanyar shiga yanzu. Kallon da ta yi mini har yau yana idona.

Ranar Alhamis an kira ni ofis, muka yi magana ta bidiyo da matar da ke kula da aikin a ƙungiyar. Na yi mata bayani kamar yadda na yi muku. Ta saurara, ta ce maganata ta shiga hankali, za ta ba injiniyansu ya duba. Amma ta ce dokarsu ita ce ba a sakin manhaja da jan tambari ko ɗaya. Na ce to a gyara yadda ya kamata. A kwashe saƙonnin daga cikin kod a zuba su a fayil nasu daban, a gaya wa sikana cewa wannan fayil ɗin magana ce ta mutane, ba umarni ba. A koya mata cewa alamar juyawa in ta buɗe ta rufe a cikin saƙo ba laifi, sai in ta fito waje ta shiga umarni. Aikin 'yan kwanaki ne.

Musye Agbeko ya jira aka kashe bidiyo, sannan ya ce babu lokacin wannan, ranar saki ta matso. Ya ce abu mai sauƙi shi ne a cire ajamin. “Faransanci yana nan, yaren Ewe yana nan, Hausar boko tana nan. Wa zai mutu don babu ajami?” Na ce masa wadda ta sha magani sau uku maimakon sau ɗaya. Ya ce in ba zan cire ba akwai mai cirewa.

Munir ya cire. A yini ɗaya ya share duk abin da kuka rubuta, kuma don ja ya ragu ya bi Hausar bokon ya mayar da kowane ƙ ya koma k, kowane ɗ ya koma d. Assana, abokiyar aikina da ta fito daga Sokode, ta turo mini hoton abin da ya fito. Ku gafarce ni, Baba, amma saƙon da kuka rubuta a kan ciwon ƙashi yanzu ciwon kashi yake cewa. Wanda ya ce mace ta zo asibiti in ta ga jini baƙi, yanzu jini baki yake cewa. Na yi dariya ni kaɗai a ɗaki, dariyar da ta ƙare da ciwon kai. Haruffan Ewe ma an sa wani ya fara yi musu irin wannan aski.

Wato an gyara harshen mutane don ya yi wa na'ura daidai, maimakon a gyara na'urar. Kuma ana kiran wannan tsaro.

Kun ce kada in riƙe Munir a zuciya. Ina ƙoƙari, ban kai ba tukuna. Mma tana gaishe ku, ta ce ku daina shan shayi da sukari a ɓoye, labari yana zuwa mata.

'Yarku mai biyayya,
Mahfuza


Zongo, Lome
Ranar Laraba

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Da fatan kuna lafiya, ku da Baffa da duk wanda ke ƙarƙashin kulawarku. Ku yafe mini jinkirin amsa, abubuwa ne suka taru.

An mayar da ni aiki. Injiniyan ƙungiyar ya duba ya ce babu komai a fayilolina sai saƙonni. Musye Agbeko ya aiko a kira ni, ya miƙo mini kwamfutata ya ce, “An gama da wancan, mu ci gaba.” Iyakar abin da ya ce ke nan. A gaban kowa aka fitar da ni, a ɗaki aka mayar da ni.

Na ɗauka fushina ya kai ƙarshensa, ashe da saura.

Bayan an share ajami, gargaɗi da yawa sun rage, ɗaruruwa, a wasu sassan manhajar da ba nawa ba. Mutumin da jiya ya ce ba ya musu da rahoto, yau ya juya ya ce sikana maƙaryaciya ce, ta ɓata masa lokaci. Ya ba da umarni a zaɓi sauran gaba ɗaya a danna musu “gargaɗin ƙarya” a tashi ɗaya, allo ya koma kore, a tura wa Turawa. Na ce ba za a yi haka ba sai an karanta su. Ya ce, “Ba ke kika ce ƙarya take yi ba?” Na ce, “Na ce ta yi ƙarya a kaina. Ban ce ba ta taɓa faɗin gaskiya ba.” Ya ce in ina son wahala in je in yi, amma ranar saki ba za ta motsa ba.

Muka zauna ni da Assana muka raba su. Aiki ne mai gundura, Baba. Ka buɗe, ka karanta, ka ga ba komai, ka rubuta dalili, ka rufe, ka buɗe na gaba. Wani wuri sikana ta ga kalmar sirri ta wasa da muka sa don gwaji ta ce ta gaske ce. Wani wuri ta ga tsohon kod da ba ya aiki ma. In mutum ya ga ƙarya ta yi yawa haka, idonsa yakan mutu, hannunsa ya riƙa rufewa kafin ya karanta. Ni ma na kama kaina ina yin hakan.

Assana ce ta gani. Ta taɓa ni ta ce in zo in duba. A cikin wani tsohon sashe da kamfanin ya ɗauko daga wani aikin da ya yi a baya, akwai akwatin da ma'aikaciyar asibiti ke rubuta suna don ta nemo mace. Duk abin da aka rubuta a akwatin nan kai tsaye yake wucewa rumbun bayanai, ba a tace shi. Wanda ya san dabara zai rubuta umarni a maimakon suna, rumbun ya buɗe masa. Sikana ta faɗi wannan tun ranar farko. Yana nan a rahoton da aka kore ni da shi, dubban gargaɗin da aka yi a kan ajaminku sun binne shi.

Muka kira Musye Agbeko. Ya ce wataƙila wannan ma ƙarya ce. Assana ta rubuta layi ɗaya a akwatin ta danna. Sai ga matan gwaji sun zubo a allo, suna, lamba, unguwa, watan ciki, ciwon da ake yi wa magani. Matan Zongo, Baba. Kafin in kawar da kai idona ya faɗa kan sunan wata da muke haɗuwa a gidan suna, da abin da ko mijinta ban tabbata ya sani ba. Zan mutu da shi a cikina, amma ba hakkina ba ne in sani, kuma da an saki manhajar haka, duk wani ɗan iska mai waya zai iya sani. Kun san Zongo. Magana ɗaya ta isa ta kashe aure.

Patron ya nemi kujera ya zauna. Ya dafe kai, har na ji tausayinsa kaɗan, don na san albashin mutane da yawa a kan aikin nan yake. Sannan ya ce mu toshe a hankali, kada ƙungiya ta ji. Nan tausayin ya gudu. Na ce masa sunayen nan ni na karɓo su da bakina, kuma sun yi makonni a bayan ƙofar da ba ta da sakata. Dole a duba ko wani ya riga ya shiga, dole masu aikin su sani. Na ce in bai gaya musu ba ni zan gaya musu, ya sake kiran mai gadi in ya so. Assana ta ce ita ma haka.

Washegari ya kira su da kansa. An ɗage ranar saki.

Abin da na kasa haɗiyewa shi ne, abin da aka yi mini ƙazafi da shi, cewa zan fallasa sirrin mata, shi ne abin da aka kusa yi da hannun waɗanda suka kore ni. Ba don mugunta ba, don dai babu wanda ya so ya zauna ya karanta.

Ku ci gaba da yi mana addu'a. Assana ta ce in kun samu hali ku leƙa mahaifiyarta a can, tana kusa da babbar kasuwa.

'Yarku,
Mahfuza


Zongo, Lome
Ranar Juma'a

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Barkanku da Juma'a. Mun yi murna da jin cewa Baffa ya taka har masallaci, kuma kuna shirin dawowa bayan sabon wata. Mma ta riga ta sa an wanke muku zaure.

An toshe kafar. An bincika, ba a ga alamar wani ya shiga ba, alhamdu lillahi. An ba ni kwanakin da aka hana ni da farko, na yi gyaran da na faɗa tun ranar bidiyo. Ajaminku ya dawo duka, ƙugiyoyi sun koma mazauninsu, na Ewe ma haka. Yanzu in sikana ta yi bincike, gargaɗin da take fitarwa bai fi abin da mutum zai karanta kafin shayinsa ya huce ba, kuma mun kafa doka cewa ba a rufe ko ɗaya sai mutum biyu sun gani an rubuta dalili. Injiniyan ƙungiyar ya ce zai aika wa masu sikanar misalanmu don su gyara tasu dokar. Ko za su gyara, Allah masani.

Musye Agbeko ya tara ma'aikata ya ce kamfani ya gano matsala ya magance. Kamfani. Bai ambaci Assana ba, bai ce an zalunce ni ba. Kula da sikana kuma ya ɗora mini, ban sani ba ko lada ne ko horo.

Matan gwaji wasu sun dawo, wasu ba su dawo ba. Na gaya musu gaskiya, har da maganar kafar da aka toshe, don hakkinsu ne. Wasu sun ce to ashe dai akwai abin tsoro. Ba zan ga laifinsu ba. Nuriyya ta haihu, namiji, na je barka, ta karɓe ni da fara'a amma ba ta ce a mayar da sunanta ba, ni ma ban tambaya ba.

Jiya bayan la'asar Munir ya zo gida. Ya yi sallama daga waje, Mma ta ce ya shigo, ni na ce ya tsaya nan, na fita na same shi. Ya cire hula yana murza ta a hannu. Ya ce shi bai yi nufin magana ta yi nisa ba, abin da ya ji a ofis ya faɗa, in yafe masa don Allah, don darajar Malam. Na tambaye shi ko ya taɓa buɗe fayil ɗin kafin ya kai maganar wurin mai shayi. Ya ce a'a. Na ce shi da ya iya karanta ajami, shi kaɗai a ofis ɗin nan ban da ni, da ya buɗe da ya ga rubutun malaminsa.

Na ce masa a nan ƙofar babu wanda ya ji ƙazafin, don haka ba nan za a wanke shi ba. Ya koma wurin mai shayi, a lokacin da ya fi cika, ya faɗi abin da ya faɗa mini. Ya je Asigame ya tsaya a rumfar Hajiya Bilkis ya faɗa da ƙarfin da ita ta yi magana da shi. In ya gama ya dawo. Ya ce abin da kunya. Na ce na sani, na ɗanɗana.

Mma ta ce na yi tsauri. Na san ku ma abin da za ku rubuto ke nan, da ayar da za ku kawo, kuma na san gaskiya ce. Amma ina roƙonku, Baba, kada ku aiko mini da shi a takarda. Ku bari sai kun dawo, ku zaunar da ni ku faɗa mini ina kallon fuskarku, wataƙila in iya. Yau dai ban yafe ba, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce na yafe ba.

Ɗazu ƙanwar Mma ta dawo daga kasuwa ta ce ta ga Munir a layin masu atamfa, yana kai da kawowa a gaban rumfar Hajiya Bilkis, bai shiga ba tukuna.

Allah ya dawo mana da ku lafiya. Ku gaishe da Baffa da iyalinsa.

'Yarku mai ƙaunarku,
Mahfuza